Sifirit mai kashi 70 ko mai kashi 95: wanne ya fi kashe ƙwayoyin cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar aski a Misfala, Makka, yawancin masu zuwa wurina masu Umra ne. Da sifirit mai kashi 95 nake goge kayan aikina, sai mai kantin magani ya ce mai kashi 70 ya fi. Ta yaya wanda aka sirka da ruwa zai fi tsantsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ya faɗa maka. Ƙwayar bakteriya na lulluɓe da siririyar fata mai kitse, a cikinta kuma furotin ne ke gudanar da komai. Alkohol, wato sinadarin da ke cikin sifirit, yana narkar da kitsen, ya kutsa ciki ya lalata furotin ɗin, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a kasko, ba ya komawa yadda yake. To wannan aikin sai da ruwa yake tafiya da kyau. Tsantsar sifirit tana daskarar da furotin na waje nan take, ta toshe wa kanta hanyar shiga, sannan ta bushe tun ba ta gama ba, balle a zafin Makka. Kashi 60 zuwa 90 ne ya fi aiki. Ƙasa da 50 kuma ƙarfinsa ya faɗi sosai.

Kada ka zubar da wanda ka saya. Auna mililita 740, ka cika zuwa lita ɗaya da tafasasshen ruwan da ya huce, ka rufe kwalbar sosai, ka ajiye nesa da wuta.

Inda aka fi kuskure shi ne fesawa a kan datti. Gashi, maiƙo da busasshen jini suna kare ƙwayoyin. Ka wanke almakashi da haƙoran injin aski da sabulu, ka tsane, sannan ka jiƙa su sharaf, su kai aƙalla minti ɗaya a jiƙe, su bushe da kansu. A hannu, kimanin mililita 3 ake murzawa na daƙiƙa 20 zuwa 30.

Akwai bakteriyar da ke shiga ƙwanso mai tauri, irin mai kawo tetanus, sifirit ba ya taɓa ta. Reza kuwa, don Allah kada ka dogara da shi a kanta ko kaɗan. Ciwon hanta nau'in B da C ta jini suke bi, kuma kai da aka aske tal da wuya ya rasa ɗan yanka. Kowane kai da sabuwar rezarsa, ka ɓare ta a gaban mai shi.