An yi wa ɗana gwajin Dengue, an ce mu dawo a sake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 14 ya kwana biyu da zazzaɓi mai zafi, ga ciwon kai har cikin ido, ga ciwon gaɓoɓi. An gwada maleriya, babu. Da aka ɗebi jini don gwajin Dengue, takardar ta nuna IgM babu, IgG akwai, likitan kuma ya ce mu dawo bayan kwana uku. Yaron nan yana da cutar ko ba shi da ita?
Daga wata uwa mai karanta wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya. Takardar da ke hannunki ba ta yanke hukunci ba tukuna, kuma likitanku ya yi daidai.

Wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sawun yaƙin da jiki ya yi da ita yake bi, wato sinadaran garkuwa da jini ke ƙerawa. IgM shi ne na sabon kamu, amma ba ya fitowa sai wajen kwana 4 zuwa 5 da fara zazzaɓi, daga nan ya zauna a jini kamar wata uku. Ku kuwa a kwana na biyu aka ɗebi jinin. An yi sammako ne kawai. Na sha ganin uwa ta miƙo min irin wannan takarda tana murmushi, yatsanta a kan "babu", bayan kwana uku sakamakon ya juya.

IgG ya fi wuyar fassara, don shekaru yake yi a jini. Wataƙila yaron ya taɓa yin Dengue a baya ba ku sani ba, domin da yawa ta kan wuce ba alama. Wataƙila kuma rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever) ne, saboda bairos ɗin shawara da Zika da Dengue dangi ne, gwajin kan ɗauki wannan a matsayin wancan. Ki gaya wa likitan idan an taɓa yi masa wannan allura. Abin da ya sa ban raina IgG ɗin nan ba shi ne Dengue iri 4 ce, kuma kamu na biyu da wani irin daban ya fi saurin tsananta.

Ki tambaya ko suna da gwajin NS1 ko PCR. Su ne ke kama cutar kanta a makon farko.

Kafin ku koma, ruwa da yawa da farasitamol kawai. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. Kuma ina roƙonki, ranar da zazzaɓin ya sauka kada ki saki jiki, don awa 24 zuwa 48 da ke biyo baya su ne masu haɗari. Idan kin ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko haɓo, ko jini a dasashi, ko jikinsa ya mutu yana ta barci, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ya kwanta cikin gidan sauro har da rana. Sauron Aedes mai ɗigon fari a ƙafa, wanda shi ke yaɗa Dengue, da safe da yamma ya fi cizo, kuma idan ya cije shi yanzu zai iya kai wa ƙannensa.