Tambaya da Amsa: An gayyace ni gidan abincin da ke haɗa girkin Faransa da na Sin, in je?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce daga Maraɗi, wata na huɗu kenan ina karatu a Paris. 'Yan ajinmu sun shirya fita cin abinci ranar Asabar a wani ɗan gidan abinci da ke unguwa ta 13, sun ce mai wurin yana haɗa girkin Faransawa da na 'yan Sin kuma wai ba tsada. Ni tun da na zo daga taliya sai shinkafa da mai da yaji a ɗaki, ban taɓa shiga irin wurin nan ba, tsorona kar a ciyar da ni alade ban sani ba, ga kuɗin hannuna ba yawa. Sau biyu ina ba su uzuri har na fara jin kunya. Don Allah in je ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki je. Ban so ki gama shekarunki a garin nan kina kulle a ɗaki, mutanen da kike zama aji ɗaya da su su ne za su taimake ki ranar da jarabawa ta matso ko kika rasa wurin kwana, kuma a wajen Faransawa zumunci a kan tebur ake ƙulla shi. Amma tsoron naki na kan hanya, don ƙasashen nan biyu da aka haɗa miki a faranti ɗaya, kowaccensu na girki da alade kuma kowaccensu na zuba giya a tukunya.

Unguwar da za ku je na san ta sosai. Tsakanin avenue de Choisy da avenue d'Ivry ne, inda dogayen benayen Olympiades suke. Bayan 1975 ne 'yan gudun hijira daga Biyetnam da Kambodiya da Lawos suka cika wurin, da yawansu asalinsu 'yan Sin ne, su suka buɗe shaguna da gidajen abinci, har da babban kantin nan Tang Frères. 'Ya'yansu da jikokinsu a Faransa suka tashi, wasu sun yi makarantar girki ta Faransawa, shi ya sa za ki ga yaro ya iya miyar bota ta Turawa ya kuma iya turara kifi irin na kakarsa, sai ya haɗa miki su. Akwai masu tsada irin Yam'Tcha da Adeline Grattard ta buɗe a 2009 har ta samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, wannan ba na ɗalibai ba ne, ƙananan na cikin unguwa su ne namu.

To ga inda matsalar take. Ba naman da kike gani ɓaro-ɓaro ne zai kama ki ba, wannan ai an rubuta porc, wato alade, kin wuce. Wanda yake ɓoye shi ne abin lura. Zuwana na farko irin wurin nan na ce a ba ni riz cantonais, a raina shinkafa ce da ƙwai da koren wake me zai same ta, aka kawo tana turiri ƙamshi ya cika min hanci, na ɗaga cokali kenan sai na ga wasu 'yan ƙananan yanka jajaye-jajaye sun cakuɗa da ita ko'ina. Jambon ne, wato alade. Allah ya taimake ni ban kai baki ba, na kira yarinyar da ke kawo abinci na yi mata bayani, ba ta ɓata rai ba ta ɗauke ta kawo min farar shinkafa. Haka nems, soyayyen naɗin nan mai nama a ciki da kuka saba ci a Yamai da naman shanu ko kaza, a Paris galibi alade ne a ciki sai in an rubuta kaza ko jatan lande, shi ma ki tambaya don wasu suna gauraya su. Su raviolis da bao, wannan farin burodin da ake turarawa, duk haka. Romon miyar taliya kuma sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi ko da naman da ke sama na shanu ne. In kin ga lardons ko char siu, ki tsallake, duk naman alade ne.

Sai giya. 'Yan Sin suna da giyar shinkafa ta Shaoxing da suke jiƙa nama da ita kafin a soya, Faransawa kuma miyar da suke kira beurre blanc da ake zubawa kan kifi da farar giya ake fara ta. Don haka ko kifi kika zaɓa ki buɗe baki ki ce sans porc, sans alcool, wato ban da alade ban da giya, kuma ki tambayi miyar musamman. Kar ki ji nauyi wallahi, sun saba, Musulmi sun yi yawa a Paris ba ke ce ta farko ba.

Ni abin da nake ci shi ne kifi turare. Akwai wanda har yau ban manta ba, an kwantar da farin kifi a faranti an yayyanka ɗanyar citta siri-siri kamar zare da ganyen albasa a kai, sai mai girkin ya narka bota har ta fara yin ja ya kwarara a gabana, ji kike cuuu, ƙasa kuma ga ɗan ruwan waken soya, na ci da farar shinkafa ban bar ko ƙwara ba. Jatan lande da tafarnuwa ma yana da kyau, haka gauta ko awara, eh awararmu ce dai suke kira tofu, sai dai ki ce kar a sa niƙaƙƙen nama don mapo tofu da shi yake zuwa. Kaza da agwagwa in ba a rubuta halal ba ni ba na ci, na san malamai sun yi magana kan yankan ahlul kitabi kuma akwai saɓani, wannan ki tambayi malaminki.

Maganar kuɗi kuma, ki lallaɓa su ku je da rana. Yawancin ƙananan wuraren nan suna da formule, wato haɗin abinci mai tsayayyen farashi, ta rana mai sauƙi fiye da ta dare, wasu Litinin zuwa Juma'a kawai suke yinta don haka ki duba ko akwai ranar Asabar, farashin na manne a bakin ƙofa kina iya karantawa kafin ki shiga. Ki riƙe yuro 20 a matsayin iyakarki, yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kin ga wajen jikka 13 kenan, ba kuɗin wasa ba ne. Kar ki sayi ruwan kwalba, ki ce une carafe d'eau, ruwan famfo ne kyauta kuma haƙƙinki ne. Ladan masu hidima yana cikin farashi, ba dole sai kin bar komai ba. Abu ɗaya da nake so ki tsaya a kai, tun kafin a fara ci ki ce kowa ya biya nasa, don in aka raba lissafi daidai za ki tsinci kanki kin biya kuɗin giyar da wasu suka sha, ga asara ga abin da zuciyarki ba za ta so ba.

In suka ce wani karon ke za ki zaɓi wuri, ki nemi gidan abincin Musulmin Sin, 'yan Uigur ko masu taliyar Lanzhou da ake ja da hannu, 'yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu sun san su sarai don can suke cin abinci. A Paris ki tabbatar an rubuta halal a ƙofa. Tsinken cin abincin nan guda biyu kuma kar ya dame ki, baguettes suke ce musu kamar burodi, in hannunki bai saba ba ki nemi cokali mai yatsu za a kawo miki. Ki rubuto min bayan Asabar in ji me kika ci.