Kuturun gyaɗa: me ya sa wani tushe ke tsumburewa, na kusa da shi ko gezau?

Wani manomi daga yankin Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce bara kuturu ya shiga gonarsa, wasu tushe sun tsumbure ganyensu ya yi rawaya, wasu sun tsumbure amma ganyen kore shar, wasu kuwa kamar ba abin da ya taɓa su. Cuta ɗaya ce? Kuma zai iya ajiye iri daga gonar?

Malam, cuta ɗaya ce, amma masu aikin su uku ne. Akwai ƙwayar bairos ta kuturun. Akwai wata bairos mai taimaka mata, wadda ke ba ta rigar da darɓa, ƙaramin ƙwaron nan mai tsotsar ruwan ganye, ke ɗaukarta a ciki daga wannan tushe zuwa wancan. Sai na ukun, wani ɗan guntun ƙwayar gado da ke manne da ta farko, ba ya iya hayayyafa sai da ita. Shi ne ke riƙe da linzami. Idan babu shi, bairos ɗin ba ta wuce ɗan dabbare-dabbare a ganye wanda ke gushewa. Wani nau'insa ne ke kawo rawayan da ka gani, wani ya kawo koren kuturu, wanda aka fi sani a Afirka ta Yamma. Tushen da ka ga lafiya ƙalau, ko darɓa ba ta kai masa bairos ta kuturun tare da guntun nan ba, ko ta same shi a makare.

Abin da ya fi burge ni shi ne, masu bincike a Sukotilan sun gano wani nau'in guntun nan mai sanyi da aka samo daga Najeriya, wanda ke danne bairos ɗin har ta kasa yawaita. Sai dai kada wani ya sayar maka da kwalba da sunan rigakafin kuturu, wannan aiki bai fito daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa ba.

Batun iri kuwa, kuturu ba ya bin ƙwayar gyaɗa, darɓa ce ke yawo da shi. Amma tunda irinka ya nuna ba ya jurewa, ka nemi SAMNUT 23 ko SAMNUT 24 na cibiyar bincike ta Samaru, Zariya.

Kada ka raina kuturu. A 1975 ya lalata kusan hekta dubu 700 na gyaɗa a Arewacin Najeriya, dattawa ba su manta ba. Ka yi shuka da zarar damina ta kankama, ka matse tazara don ganye ya rufe ƙasa da wuri, darɓa ta fi sauka inda take hango fili tsakanin tushe. Ka tuge gyauron rani. Duk tushen da ya fara tsumburewa a makonnin farko, tumɓuke shi ka binne a wajen gona.