Dabbar da ke haƙa rami a bayan gida

Ɗan'uwa, wannan dabbar da kace tana cinye maka kayan lambu a gidanka na Amurka groundhog ce, kamar ƙatuwar gafiya take amma da rana take fita. Ka nemi tarkon keji wanda baya kisa, kasa safar hannu saboda warin mutum, ka ajiye shi dab da bakin ramin da yankan tuffa ko kankana a can cikin kejin, ka riƙa dubawa safe da yamma kar rana ta kasheta.

Amma fa ka tambayi hukumar namun daji ta jiharku tukuna, a jihar Masachuset ma haramun ne ka kaita wani wuri ka saki. In ta fita ka cike duk ƙofofin ramin da tsakuwa, don ƙofarsa ba ɗaya bace.