Kalorin da na'urar motsa jiki ke nunawa, da batun rigar leda

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Nauyina kilo 80 ne, kuma nakan yi tafiyar minti 40 a kan na'urar gudu bisa saurin kilomita 5 a awa. Allon na'urar yana nuna mini kalori kusan 400, agogon hannuna kuma 250. Wata biyu ke nan amma sikeli bai motsa ba. Mai horar da mu ya ce in sa rigar leda in rage shan ruwa, wai kalorin zai ninka. Na gwada, na yi gumi sosai, amma jiri ya ɗebe ni. Wane lissafi zan yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babu ɗaya daga cikin lambobin biyu da ya yi daidai, kuma ina ganin dukansu sun zarce gaskiya. Tafiya bisa saurin da kika ambata tana kai MET 3.5 (MET ma'auni ne na yawan aikin da jiki ke yi), kuma MET ɗaya yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na jiki cikin awa guda. Idan aka ninka 3.5 da kilo 80, aka ɗauki kashi biyu cikin uku na awa, za a samu kalori kusan 187. A ciki ma akwai kusan 53 waɗanda jikinki zai ƙona ko da kina zaune, don haka abin da tafiyar ta ƙara miki bai wuce 135 ba.

Na'urar ba ta auna numfashinki, ƙiyasi kawai take yi daga sauri da gangare, sau da yawa kuma da nauyin da aka saka mata tun daga masana'anta idan ba ki shigar da naki ba. Riƙe ƙarfen gefe yana rage aikin da jiki ke yi, allon kuma bai san kin riƙe ba. Agogo ma haka yake: binciken Jami'ar Stanford na 2017 a kan na'urorin hannu guda bakwai ya nuna suna auna bugun zuciya da kyau, amma wajen kalori mafi inganci cikinsu ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuma da kashi 93. Keken da ke auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan feda ya fi kusa da gaskiya.

Maganar rigar leda ita ce ta tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin masu zuwa wurina, kuma takan fito ne daga mutanen da ake kira masu horarwa alhali ba su taɓa karanta yadda jiki ke sanyaya kansa ba. Gumi ba kitse ba ne. Ruwa ne da gishiri wanda jiki ke fitarwa domin ya bushe a kan fata ya tafi da zafi. Kitsen da aka ƙona yana rikiɗa ne zuwa iskar da muke fitarwa ta huhu, kusan kashi 84 cikin ɗari, sauran kuma ya zama ruwa. Leda tana hana gumin bushewa, sai zafi ya taru a ciki, jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugawa don ta cike giɓin. Agogo kuwa yana ganin bugun ya hau, sai ya ƙara lissafin kalori, mutum ya ɗauka ya ci riba, alhali tsokarsa ba ta yi wani ƙarin aiki ba.

Kilo ɗayan da ake gani ya ragu bayan irin wannan horo lita ɗaya ce ta ruwa, kuma tana dawowa da zarar an sha. Kilo ɗaya na kitse na gaskiya yana buƙatar giɓin kalori kusan 7,700. Wannan ya sa raina ke ɓaci idan na ga masu tallar ɗamarar ciki da rigunan gumi suna alƙawarin rage tumbi cikin mako guda. Haɗarin kuwa na rai ne: a ƙarshen 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa a jami'o'in Amurka sun mutu cikin 'yan makonni yayin da suke ƙoƙarin zubar da nauyi ta hanyar gumi da ƙin shan ruwa, abin da ya sa aka haramta waɗannan riguna a wasan. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda ne ke fara jin jiki. Jirin da ya ɗebe ki gargaɗi ne, kuma mai hawan jini ko ciwon suga ko mai shan maganin da ke sa yawan fitsari ya fi kowa shiga haɗari.

Ki ajiye ledar daga yau, ki sa tufafi marasa nauyi, ki sha ruwa kafin horo da lokacinsa. Ki shigar da nauyinki a na'urar, ki saki ƙarfen gefe, sannan kada ki ƙara abinci bisa dogaro da lambar allo, domin nan ne galibi sikeli ke tsayawa. Minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ya fi dacewa ki riƙa ƙirgawa. Idan jirin ya sake zuwa ba tare da leda ba, ko ya haɗu da ciwon ƙirji, ki dakatar da horon ki je asibiti a auna hawan jininki da zuciyarki.