Tambaya da Amsa: Mece Ce Falsafar Manhajar Larabci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata Islamiyya a Tudun Wada, Kaduna. Muna sake tsara manhajar Larabci, sai aka ce mu fara rubuta falsafarta. Me ake nufi? Ɗalibanmu sun haddace Ajurumiyya, ƙaramin littafin nan na nahawu, amma ba sa iya haɗa jimla.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake nufi shi ne ku amsa tambaya biyu kafin ku zaɓi littafi: don me yaro zai koyi Larabci, kuma ta yaya harshe ke zama a bakin mutum? In don fahimtar Alƙur'ani da littattafan fiƙihu ne, karatu da nahawu za su rinjaya. In har da magana da jarrabawar NBAIS (hukumar jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci ta ƙasa) ne, dole sauraro da insha'i, wato rubutun zube, su sami gurbi. Ku rubuta manufar a jimla ɗaya, kowane darasi a auna shi da ita.

Tambaya ta biyu ce ke damun ɗalibanku. Ibn Khaldun, masanin tarihin nan wanda ya rasu a 1406, ya ce harshe malaka ne, wato ƙwarewar da ke samuwa ta yawan ji da maimaitawa. Ya kwatanta masanin ƙa'ida da mai iya bayanin ɗinki, amma in an miƙa masa allura sai ya kasa. Manhajar da ta fara da ta'arifin fa'ili (mai aikata aiki a jimla) kafin yaro ya furta jimla ɗari masu fa'ili ta ɗauki nahawu a matsayin harshen kansa, alhali ma'auninsa ne.

Shawararmu, in darasi biyar kuke yi a mako, minti 40 kowanne: biyu na sauraro da hira, ɗaya muɗala'a (karatun nassi), ɗaya imla'i (shifta) da insha'i, ɗaya nahawu, misalansa kuma daga nassin makon. Ba a jefar da Ajurumiyya ba, a'a, a jinkirta ta har baki ya saba.

Kada ku manta Bahaushe kuke koyarwa. Harshensa na mayar da "ض" lam, shi ya sa muke cewa alwala da alƙali, kuma ba shi da musanna, wato sigar kalma mai nuna abu biyu. Waɗannan suna son ƙarin lokaci, amma namiji da mace ya san su tun daga gida. A jarrabawa kuma ku ware maki na baka, ko da kashi 30 ne, don abin da ba a ba shi maki ɗalibai ba sa kula shi.