Ruwan Beryl ya ci ɗakina da motata, kuma na kasa faɗa wa Hajiya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Haɗeja ne, ina zaune a Houston da matata da 'yarmu da aka haifa a nan, sai ƙanena da ke karatu da bizar ɗalibai. Guguwar Beryl ta cika mana ɗaki da ruwa har gwiwa, don a hawan ƙasa muke haya. Katifu da kujeru duk sun lalace, motar da nake ɗaukar fasinja da ita ta nutse. Girin kad ɗina, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ya ɓace, fasfona ya jiƙe har hoton ya goge. Mai gidan yana neman kuɗin wata. An ce min kada in nemi taimakon gwamnati, wai zai hana ni zama ɗan ƙasa. Ga Hajiya da nake aika wa kuɗi duk wata, ga gini da na soma a gida, kuma ban gaya musu komai ba. Bashi nake shirin ci in aika. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Tun da Beryl ta sauka a gaɓar Matagorda ta jihar Texas ranar 8 ga Yuli, 2024, ta kashe wa gidaje da shaguna sama da miliyan 2 wuta a yankinku, akwai waɗanda zafi da hayaƙin janareta suka yi ajalinsu bayan iskar ta wuce. Ku huɗu kun fita da ranku. Alhamdulillahi.

Bashin nan kada ka ci shi. Zan dawo kan Hajiya, amma akwai abubuwan da ke da wa'adi, su za mu fara kamawa.

Wanda ya ce maka taimakon gwamnati zai ɓata maka takarda bai san dokar ba, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa. A ƙa'idar da aka fara aiki da ita a Disambar 2022, ba a lissafa tallafin bala'i cikin abin da ke sa a ce mutum ya zama nauyi ga gwamnati, kuma ba a ma yi wa mai neman zama ɗan ƙasa wannan awon. Mai girin kad yana da haƙƙi a wurin hukumar agaji ta FEMA. Ko da a ce ba ka da shi, 'yarka 'yar ƙasa ce, ana iya nema wa gidan da sunanta. Kwana 60 ake bayarwa a ka'ida daga ranar da aka ayyana bala'in, saboda haka ka shiga DisasterAssistance.gov yau, kada ka jira sai ka huce. Akwai kuɗin buƙatun gaggawa (dala 750 ne a lokacin Beryl, a 2024), akwai tallafin haya, akwai na kayan ɗaki, akwai na mota idan tana da rajista da inshorar da dokar jiha ta wajabta. Wannan kyauta ce, ba a biya. Rancen hukumar ƙananan sana'o'i ta SBA daban ne, shi da kuɗin ruwa yake zuwa, kuma tun Maris na 2024 ba dole ba ne sai ka neme shi kafin FEMA ta duba kayanka. Na san wannan zai kwantar maka da hankali ta fuskar riba.

Kafin ka zubar da ko tsinke, ɗauki hoto. Alamar da ruwa ya bari a bango, katifa, firiji, cikin mota, duka. Ka rubuta sunan kowane kaya da kuɗin da ka saye shi, ka adana rasit na otal da na duk abin da ka saya dalilin wannan ruwa. Jami'in da zai zo duba ɗakin ba ya karɓar ko sisi, kuma yana da katin shaida mai hoto. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya cika maka fom, ɗan damfara ne. In aka aiko maka da wasiƙar ƙin amincewa, karanta ta har ƙarshe. Sau da yawa wata takarda ɗaya ce ta rage, kuma kana da kwana 60 na ɗaukaka ƙara.

Motar kuwa, duba takardar inshorarka. Idan cikakkiya ce, mai biyan asarar gobara da sata da ruwa, kira su ka buɗe fayil, kuma kada ka yi ƙoƙarin tayar da injin. Idan ƙaramar ce mai biyan wanda ka buge kawai, ba za su ba ka komai ba, sai ka nemi takardar ƙin biya daga gare su ka miƙa wa FEMA. Tunda da motar kake ci, ka kuma nemi tallafin waɗanda bala'i ya raba da sana'arsu a hukumar ƙwadago ta Texas Workforce Commission. Ya shafi masu aikin kansu irinka. Za su nemi shaidar abin da kake samu, takardar harajin bara ta isa.

Batun takardu. Ɓacewar kati ba ta taɓa matsayinka ba, har yanzu kai mazaunin dindindin ne. Fom I-90 ake cikawa a hukumar shige da fice ta USCIS, dala 415 ta intanet, 465 a takarda. Idan ba ka da su, haɗa da fom I-912 na neman yafe kuɗi, ka bayyana cewa guguwa ce ta jawo, amma wannan sai ta gidan waya. Takardar shaidar karɓa da za su aiko maka ka riƙe ta da kyau, tana tsaya maka na kwana 90 in ka sami sabon aiki. In tafiyar gaggawa ta taso, ka nemi su ba ka shaidar wucin gadi. Idan kun koma wani gida, ko na ɗan'uwa ne, doka ta ce a sanar da su cikin kwana 10 ta fom AR-11. Mutanenmu da yawa a nan suke tuntuɓe: sabon kati ya tafi tsohon adireshi, a yi ta jira. Fasfon da ya jiƙe kada ka yar. Da shi za ka nemi sabo a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Atlanta.

Ƙanenka ne ya fi ba ni tsoro. Bizar ɗalibai ba ta ba shi damar karɓar kuɗin FEMA da sunansa, ko da yake abinci da ruwa da matsuguni na Red Cross da masallatai ba a tambayar kowa takarda. Abin da nake gudu shi ne, bayan kowace guguwa 'yan kwangila suna yawo suna ɗaukar matasa aikin kwashe shara da sare itatuwa, kuɗi hannu. Yaro mai tausayin yayansa zai ga kamar taimako ne. Kwana ɗaya na irin wannan aiki ya isa ya karya masa biza. Ka zaunar da shi ka hana shi. Ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa ya faɗi halin da kuke ciki. Idan ya cika shekara guda yana karatu, akwai hanyar neman izinin aiki a wajen makaranta saboda matsin da ba a zata ba, kuma makarantu da yawa suna da asusun gaggawa.

Mai gida kuma, kada ka riƙe masa kuɗin haya da kanka, a Texas hakan na iya kai ka kotun kora, kuma wannan tabon yana bin mutum duk inda ya je neman ɗaki. Dokar jihar ta ce idan gida ya lalace har ba ya zaunuwa sam, ɗan haya na iya soke yarjejeniya da rubutacciyar sanarwa kafin a gama gyara, a mayar masa da ragowar kuɗin watan daga ranar da ya fita da kuma kuɗin ajiyarsa. Idan wani sashe ne kawai ya lalace, ragi sai da yardar mai gida ko hukuncin kotu. Komai a rubuce. Lauyoyin Lone Star Legal Aid suna duba irin wannan kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. Ni dai ba na son ƙaramar yarinya ta kwana a ɗakin da kafet ya sha ruwa, don fumfuna na kama shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ƙirjin yara ba ya ɗauka.

To, Hajiya. Na san abin da ke ranka. Kana tsoron hankalinta ya tashi, kana kuma jin nauyin a ce wanda ke Amurka ya rasa katifa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hajiya mutuniyar Haɗeja ce. Ta ga abin da ruwa ya yi wa gonaki da gidajen Jigawa a 2022, ba sai an yi mata dogon bayani kan ambaliya ba. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne ta ji daga bakin wani, ko ta gane daga baya cewa kuɗin cefanen da ta ci bashi ne mai kuɗin ruwa. Kira ta da bidiyo, ta fara ganin fuskar jikarta lafiya, sannan ka faɗa mata. Ka yanka adadin da za ka iya na abinci da magani, ka ce shi za a riƙa gani har wata uku ko huɗu. Ginin a dakatar da shi, ka gaya wa mai kula da shi da bakinka, kada ka bari a ci gaba da karɓo siminti da sunanka. Yayyenka da ƙannenka na gida su ɗauki nasu kason na ɗan lokaci. Ka daɗe kana riƙe su, ba abin kunya ba ne su riƙe ka. Kuma in masallacinku ko ƙungiyar 'yan Arewa ta miƙo hannu, karɓa. A wannan hali zakka ma ta halatta gare ka in abin ya kai ga haka, ka tambayi limaminku.

Damina ba ta ƙare ba. Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba. Guguwar Harvey ma a ƙarshen Agustan 2017 ta zo. In za ka kama sabon ɗaki, nemi hawan sama. Inshorar 'yan haya ta yau da kullum ba ta biyan ruwan da ya taso daga ƙasa, sai ta ambaliya ta shirin gwamnatin tarayya, kuma ita sai ta yi kwana 30 da saye kafin ta fara aiki, don haka ranar da ka sa hannu a haya ranar za ka saye ta. Takardunku duka su shiga leda mai zif a jaka ɗaya kusa da ƙofa, hotunansu kuma a imel ɗinka da na matarka. In ka sayi janareta, a waje zai zauna, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a baranda ko gareji ba.

Idan wasiƙar FEMA ta zo ba ka gane ta ba, turo min abin da ta ce, ka rufe lambobinka, mu duba tare. Ka gaida mai ɗakinka da jaje.